Kyanwar Mama

Sai da Mama ta shiga banɗaki sannan Auta ta ɗauke kyanwar, Toka. Ta cusa hannu ƙarƙashin bargo ta jawo ta, kyanwar ko motsi ba ta yi ba, sai kanta da ya langaɓe a hannun Auta. Bara war haka, sai da hannu biyu ake ɗaga Toka. Yanzu ana iya jin haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Auta ta shimfiɗa tsohon tawul a kwandon roba, ta kwantar da ita, ta rufe, ta ɗaure murfin da igiya.

Maƙwabciyarsu tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ce ke zama da Mama duk ranar da Auta ta tafi ofishin lauyan da take yi wa buga takardu.

"Yi sauri, na ji ta kashe famfo," in ji maƙwabciyar. "In ta tambaya fa, me zan ce?"

"Ki ce ta fita yawo."

"Kyanwar da ko falo ba ta iya kaiwa?"

"Ki faɗi duk abin da ya zo bakinki, Anti. Zuwa anjima ta manta."

"Komai tana mantawa, Auta, ban da wannan."

Auta ta wuce kicin. Ta buɗe firji ta ɗauko kwalbar insulin, allurar ciwon suga, ta saka a filas tare da ƙanƙara, ta haɗa da takardar likita, ta fice tana riƙe da takalmanta a hannu.

Shekara biyu ke nan da ƙwaƙwalwar Mama ta fara zubewa. Da farko makullai ne da ranaku, daga baya sunayen jikoki, sannan na 'ya'ya. Yanzu "baiwar Allah" take kiran Auta, ta ɗauka wata ce aka ɗauko ta yi mata aiki. Toka kaɗai take kira da sunanta ba kuskure, kuma ba ta kai loma baki sai kyanwar na kwance a cinyarta.

Wata takwas da suka wuce Toka ta fara shan ruwa kamar ba za ta daina ba, tana fitsari ko'ina, tana ci tana ramewa. Likitan dabbobi na unguwa, wanda yawancin aikinsa allurar kaji da karnuka ne, ya gwada jininta ya ce ciwon suga ne. Auta ta koyi kama fatar bayan wuyanta ta soka allura, safe da yamma, ba fashi. Ta daina ba ta komai sai kifi da nama. Duk da haka sugan ya ƙi sauka. Sau uku mafitsararta na kamuwa, ta riƙa tsugunnawa tana kuka, fitsarin na fita ɗigo-ɗigo da jini. A sha magani kwana goma a samu sauƙi, bayan mako uku a koma gidan jiya. Sai kuma dasashinta ya kumbura yana ruwa. Jiya likitan ya juya ta a kan tebur, ya cire safar hannunsa ya ce, "Malama, gaskiya abin nan ya fi ƙarfina." Ya rubuta mata takarda zuwa wata ƙwararriya a asibitin koyarwa na dabbobi, can ɗaya gefen gari.

Bas biyu ake hawa. A ta farko ta samu wurin zama. A ta biyu ta tsaya rabin hanya da kwandon a rungume, har wani dattijo mai jakar kayan gyaran famfo ya matsa mata. Ba a jima ba ɗumi ya ratso tawul ɗin ya sauka a siket ɗinta, wari ya tashi. Matar da ke gabanta ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Kaza ce?" dattijon ya tambaya.

"Kyanwa ce, Baba. Asibiti zan kai ta."

"Asibiti! Me ya same ta?"

"Ciwon suga."

Ya kwashe da dariya har yana buga gwiwa. "Ikon Allah! Cokali nawa take sa wa shayinta?" Ya juya ga na bayansa. "Kun ji, kyanwa da ciwon manya. Ni da nake da shi shekara tara ko bas ba a taɓa biya min ba."

Aka yi dariya. Auta ma ta ɗan murmusa don a bar maganar. Ta zura yatsa ta ramin kwandon ta taɓa kunnen Toka. Da sanyi.

A asibitin aka ba ta fom da lamba goma sha huɗu. Ta zauna a benci tsakanin wani mai ƙaton kare da aka ɗaure wa baki da wata mai aku a keji. Awa ɗaya ta wuce ana lamba biyar. Toka ta yi amai a kwandon, Auta ta kwance igiyar tana goge mata baki. Daidai lokacin wata gajeriyar mata mai furfura da farar riga ta zo wucewa da kofi a hannu. Ta tsaya, ta sunkuya, ta shinshina bakin kyanwar.

"Tun yaushe numfashinta ke wannan warin?"

"Tun shekaranjiya."

"Taso. Bar lambar."

Ita ce ƙwararriyar. A ɗakinta ta ɗora Toka a kan teburin ƙarfe, ta ja fatar bayanta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta huda gefen kunnen ta ɗiga jini a na'ura, ta dubi lambar. Ta matsa marar a hankali ta tari fitsari a 'yar kwalba, ta tsoma tsinken gwaji, ya rine nan take. Ta karɓi filas ɗin ta ɗaga kwalbar insulin ta duba a hasken taga.

"Maganin lafiyarsa ƙalau. Nuna min yadda kike yin allurar."

Auta ta nuna.

"Hannunki ya fi na wasu ɗalibaina. Me take ci?"

"Kifi da nama kawai. Dafaffe, ba gishiri."

Likitar ta jawo tawul ɗin daga kwandon ta buɗe inda aman yake. Ta tona da tsinke, ta miƙo wa Auta. Wani abu ne fari-fari mai yauƙi, da gutsattsarin da bai gama narkewa ba.

"Wannan ba kifi ba ne. Biskit ne da madara, irin mai kaurin nan mai zaƙi. Wa ke gida in kin fita?"

Auta ta ƙura wa tsinken ido. Duk mako sai ta sayo gwangwanin madarar nan, don ita ce Mama ke so a shayi. Ta sha mamakin saurin ƙarewarta, har ta taɓa zargin maƙwabciyar a ranta. Ta ciro waya.

"Anti, don Allah leƙa min ƙarƙashin gadon Mama, can ta jikin bango."

Ta ji takun maƙwabciyar, ta ji muryar Mama daga nesa tana kira, "Toka! Toka!" Sai ta ji ana jawo faranti.

"Innalillahi. Auta, faranti uku ne a nan, duk tururuwa ta rufe su. Ga ledar biskit a cikin rigar filo. Wallahi ban taɓa gani ba. Ashe in ta ce min za ta kwanta in ja mata ƙofa…"

"Ta ci abinci?"

"Ta ci me? Ta ture farantin. Tun ɗazu take bin ɗakuna, har cikin kwaba ta duba. Yanzu ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa."

Auta ta kashe wayar. Ta gaya wa likitar komai a tsaye, a gajarce, kamar tana karanta takarda. Likitar ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Zan gaya miki yadda abin yake. Suga in ya yi yawa a fitsari, ƙwayoyin cuta abinci suka samu. Su kuma in sun kama jiki, insulin ba ya aiki yadda ya kamata, sai sugan ya ƙara hawa. Haka suka yi ta juya ta wata takwas. Yanzu jininta ya fara zama guba. In kin mayar da ita gida yau, ba na jin za ta wuce kwana biyu. In kin bar ta, za mu sa mata ruwa, mu riƙa gwada jinin duk bayan awa biyu, mu kai fitsarin ɗakin gwaji mu san ainihin ƙwayar da ke damunta. Kwana biyar, ko mako."

"Za ta tashi?"

"Wataƙila. Ba zan yi miki alkawari ba, ban ga ƙodarta ba tukuna." Ta mayar da tabarau. "Kuma ko ta tashi, ba za a sake barin ta ita da mahaifiyarki a ɗaki ba mai gani ba. Cokali ɗaya a rana ya isa ya dawo da ke nan."

"Ba ta cin abinci sai da ita, likita."

"Na ji. Wannan ɓangaren ba ni da maganinsa."

Auta ta fita baranda ta kira yayanta, wanda ke aiki a wani gari, yake zuwa sau biyu a shekara. Ya saurara har ta gama.

"Auta, kyanwa ce fa. Ki dawo da ita gida ta ƙarasa a hannun Mama, in ya so a samo wata mai irin launinta. Mama da ba ta gane ni ba, kyanwa za ta bambance?"

"Za ta bambance, Yaya."

"To ki bar ta a can ɗin."

"Mako guda ba ta ci ba? Ka ga yadda ta koma kuwa?"

"To me kike so in ce? Kin kira ni, na faɗi wannan kin ƙi, na faɗi wancan kin ƙi."

"Ba komai. Koma bakin aikinka."

Ta daɗe a barandar tana kallon wani ma'aikaci yana wanke keji da tiyo. In ta tafi da Toka, Mama za ta ci abinci yau da gobe, jibi ta farka da gawa a cinya. In ta bar ta, yunwar daga yau za ta fara, kuma ba tabbas akwai abin da za a dawo da shi. Ta koma ciki ta sa hannu a takardar kwantar da Toka.

Kafin ta bar asibitin an riga an aske gashin ƙafar Toka ta gaba, an ɗaura robar ƙarin ruwa. Tana kwance a keji na biyu daga ƙasa, idonta rabi a buɗe. Auta ta tsuguna ta kira sunanta. Jelar ce kawai ta ɗan motsa.

"Ki bar wayarki a kunne," in ji likitar.

Da la'asar ta iso gida. Ta so ta ɓoye kwandon a bayan tankin ruwa, amma Mama na zaune a bakin ƙofa, ɗankwalinta ya zame, hannuwanta biyu a kan cinya. Ta riga ta gani. Maƙwabciyar ta girgiza kai daga bayanta, alamar har yanzu ko ruwa, sannan ta saɓa mayafi ta wuce gidanta.

"Kawo nan," in ji Mama.

Auta ta miƙa mata. Mama ta ɗaga murfin, ta shafa cikin kwandon da tafin hannu, ta ciro 'yan gashi masu ruwan toka ta riƙe a tsakanin yatsu.

"Ke kika ɗauke ta."

"Ni ce, Mama. Ba ta da lafiya, tana asibiti. Za a…"

"Tun ranar da aka kawo ki gidan nan na san ba ki da imani. Kina hana ta abinci, kina soka mata allura, ina kallonki. Dabbar da ba ta da baki." Ta damƙe gashin a hannunta. "Ni ce nake ɓoye mata ɗan abin da za ta ci, da tuni kin kashe ta."

Auta ta shiga kicin ta ɗumama abincin, ta zuba a faranti, ta dawo ta durƙusa a gabanta da cokali. Mama ta kawar da kai.

"Loma ɗaya, Mama."

"Ba na ci daga hannunki. Ki jira 'yata ta taso daga aiki, autata. Ita ba ta yarda a taɓa min abu. Za ki gane kurenki."

Auta ta ajiye cokalin a gefen farantin. Ta jawo wayarta ta duba ko an kira, ba a kira ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujerar, ta jingina da bango.

"To, Mama," ta ce. "Bari mu jira ta tare."