Waƙar Baban Nana

Tankari yana tura akwatin lasifika cikin motar kaya da kafaɗa, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai duba ba sai da suka bar unguwar Xiaobei da cunkosonta suka hau babban titi. Saƙon murya ne daga Maradi, daga Zalika, matar yayansa marigayi. Zalika ba mai yawan aike ba ce. In ka ga saƙonta, to akwai dalili.

"Tankari, ina kwana, ko ina wuni, ban san lokacinku can ba. Jiya Nana ta biyo ta gaban shagon masu saida moto, ta ji waƙar babanta a waya. Ta tsaya tana jiran wurin sunanshi, sai ta ji an ce Ingarma. Ta zo gida tana tambayata wane ne Ingarma. Ni ban san mi zan ce mata ba. Ga shi nan na sa an turo maka."

Ya buɗe bidiyon. Wani jan babur ne ke keta rairayi, mahayinsa ya rufe fuska da hular kwano. Jitar da ke tashi ta Tankari ce, muryar ma tasa ce. "Ingarma ya kama hanya," in ji muryar, "ba ya tsayawa, ba ya waiwaye." Baitin da ke biye, wanda ke cewa a faɗa wa Nana kada ta jira shi da abinci, an yanke shi ƙaf. Ya kalla sau uku.

Shekararsa shida a Guangzhou. Litinin zuwa Juma'a yana ofishin tura kaya, yana naɗe kwalayen 'yan kasuwar Yamai da salatif. Asabar da Lahadi kuwa shi ne mai jita kuma mawaƙin wata ƙungiya ta mutum huɗu, shi da 'yan China uku. Kiɗan rok suke yi, irin mai ƙarar nan da za ka ji ganga tana dukan haƙarƙarinka. Da yake an hana babur yawo a cikin gari, masu son babura sukan fita bayan gari su yi taronsu, su jera mashinansu, su ci nama, su kira makaɗa. A irin waɗannan tarukan aka san Tankari. Mai nemo musu wasa kuma mai yi musu tafinta shi ne Sabiru, mutumin Fagge, wanda suke ɗaki ɗaya da shi tun zuwansa.

Shekara uku ke nan da babbar mota ta bi ta kan yayansa Mahamadou a hanyar Tibiri, yana kan babur ɗinsa na kabu-kabu. Tankari bai samu zuwa jana'iza ba. Sabiru ne ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsu na hawa na goma sha huɗu, ya zauna tare da shi kwana uku ana karɓar gaisuwa, shi ke dafa shayi, shi ke raka baƙi bakin lif. A ɗakin nan aka yi waƙar, Sabiru na kwance yana ji. Tankari ya yi ta da sauri don Mahamadou bai taɓa yin komai a hankali ba, ko cin tuwo. 'Yan China ba su san me take cewa ba, kuma bai dame shi ba. Abin da ya sani, duk inda ya kai wurin sunan, mutum ɗari biyu ko uku masu rigunan fata sukan ɗaga hannu su amsa, "Ma-ha-ma-du." Ya sha ɗaukar wannan a waya ya tura wa Nana, don ta ji ana kiran babanta a ƙarshen duniya.

Sauran waƙoƙinsa kuwa, ba ruwansa. Ka ba shi sunan ƙungiyar baburanka, zai cusa shi a baiti ya yi maka kirari har ka ji kanka ya yi girma. Haka mawaƙa ke yi tun kaka da kakanni. Shi ya sa da Sabiru ya kai shi ɗakin ɗaukar murya makonni uku da suka wuce, ya ce ya rera kalmar Ingarma sau biyar ko shida don gaisuwar baƙi a taron wani kamfani, bai kawo komai a ransa ba. Ya rera, suka fita suka ci taliya.

Filin taron yana can bayan Huadu, jiragen filin jirgin saman Baiyun na wucewa ta samansa ƙasa-ƙasa. Wani kamfanin babura ne ya haɗa shi don nuna sabon mashin ɗin da zai kai Afirka. An kafa rumfa a gaba don dillalai, alhazan Kano da na Maradi da suka zo sari, an jera musu kujeru da ruwan gora. Masu rigunan fata suna tsaitsaye a baya. A tsakiyar dandamali ga jan babur ɗin bidiyon, an ɗaura masa ƙyalle kamar ragon suna.

Tankari ya tarar da Sabiru a bayan dandamali, cikin farar shadda, da kati rataye a wuya. Ya miƙa masa wayar. Sabiru ya kalli bidiyon daƙiƙa biyar ya mayar.

"Har ta kai Maradi? Kai, dillalan nan akwai gaggawa. Na ce su bari sai bayan yau."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce, mutumina? Talla ce. Wane mawaƙi ne a ƙasar Hausa ba ya ambaton mai gida? Kai da kanka sunaye nawa ka sa a waƙa?"

"Ba a wannan ba."

"Lawban wannan ya ji, wannan yake so." Ya nuna lawban ɗin, wato mai kamfanin, da haɓa, wani gajere mai ruwan tokar kwat. "Takardar zamanka saura wata biyu ta mutu. Ya ce zai sa ka cikin ma'aikatansa, ka huta da wannan fargabar. Ni na yi ta safa da marwa a kan maganar nan wata guda, kai kana barci. Maimakon ka ce an gode."

"Ka tambaye ni?"

"Da na tambaye ka, a'a za ka ce."

"Ashe ka sani."

Sabiru ya gyara katin wuyansa. "Tankari, wanda ya mutu ya mutu, Allah ya jiƙansa. Mai rai shi ake nema wa mafita."

Da wani ne ya faɗi haka, da Tankari ya ce bai san zancen ba ne. Amma wannan shi ya riƙe masa kai ranar da labarin ya zo. Shi ne ma ya ce a sa sunan Nana a waƙar, don in ta girma ta san an tuna da ita. Lawban ba ya jin Hausa, bai san inda suna yake ba, bai san baitin da ya kamata a yanke ba. Da ɗan gari akan ci gari. Tankari ya mayar da wayar aljihu, ya dube shi.

"Nana ta tambayi uwarta wane ne Ingarma."

Sabiru ya kau da kai.

"Yau a gaban alhazan nan sunan Mahamadou zan faɗa, da baitin da ka yanke. Su suna jin Hausa."

"Faɗi abin da ka ga dama," in ji Sabiru, ya juya wajen masu kula da na'ura.

Da Tankari na cikin hankalinsa, da ya tsaya ya yi tunanin wannan saurin yarda. Sabirun da zai yi awa guda yana ciniki a kasuwar Canaan kan wando ɗaya, yau ya sakar maka magana a arha haka? Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi.

Bayan la'asar suka hau. Waƙa ta farko da ta biyu suka tafi lafiya. Masu rigunan fata na kaɗa kai, wasu na murza mashinansu suna taya ganga. Alhazai kuwa suna zaune kamar masu jiran likita, wani ma ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Da aka zo ta uku, Tankari ya waiwaya ya yi wa Lao Peng mai ganga alama, sai ya ga ya saƙala wani abu a kunne, abin da bai saba ba. Lao Peng bai yarda sun haɗa ido ba. Ya buga sandunansa sau huɗu suka shiga.

Tankari ya matso bakin makirufo, ya cika ƙirji, ya ce, "Mahamadou ya kama hanya."

Lasifikoki suka ce, "Ingarma ya kama hanya."

An kashe makirufonsa. Muryarsa ce ke fita, amma ta tsohon ɗauka, an liƙa mata Ingarman makonni uku da suka wuce, tsaf-tsaf, ba ko gargada. Ya ƙara ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta tashi, shi kansa bai ji kansa ba. Can wajen na'ura ya hango farar shadda, Sabiru na tsaye ya harɗe hannu. Sabiru ya san shi sarai, ya san abin da zai yi, ya riga shi shiri.

Da aka kai wurin amshi, mutanen baya suka ɗaga hannu yadda suka saba. "Ma-ha-ma-du," suka ce, ƙarar ta taso ta haye rumfar alhazai ta iso shi. Idonsa ya kawo ruwa. Sai allon bayansa ya haska sunan babur da manyan haruffa, 'yan matan kamfani suka bi layi suna raba jajayen huluna suna koya wa mutane. A amshi na biyu murya ta rabu biyu. A na uku kowa Ingarma yake cewa. Ba su yi da mugunta ba, bayin Allah. Su dai an ba su suna sun amsa, kamar yadda suka amsa na farko. A rumfa ma alhazai sun farfaɗo da jin Hausa, suna murmushi, wayoyi a sama.

Tankari ya rufe bakinsa. Waƙa ta ci gaba. Ya ɗauke hannu daga jita, jita ta ci gaba. Ya sunkuya ya zare wayar jitar, ya naɗe ta a hannu a nutse yadda yake yi in an tashi wasa. Da ya zo wucewa ta gefen ganga, Lao Peng ya ce masa, "Meyo banfa," wato ba yadda za a yi, hannunsa bai daina duka ba.

Sabiru ya tare shi a ƙasan matakala, yana haki.

"Ina za ka? Don girman Allah ka koma, lawban na kallo. Ka ƙarasa wannan kawai, mu yi magana a gida."

"Ai ina can," in ji Tankari. "Ba ka ji na?"

"Takardarka fa, Tankari."

"Makullin ɗaki zan bar maka wajen mai gadi."

Ya rataya jitar a baya, ya bi ta tsakanin jerin babura ya fita ƙofar filin. A bakin titi ya tsaya ya ciro waya. Yanzu hantsi ne a Maradi. Ya danna wurin ɗaukar murya ya ce, "Zalika, ki ba Nana in ta taso makarantar allo." Sannan ya rera baitin farko da sunan Mahamadou, da na biyu wanda aka yanke, ba jita, ba ganga.

Kafin ya tura ya saurara. Muryarsa ta fito, amma a bayanta ana jin ɗayar daga fili, ta fi ta ƙarfi, tana kiran Ingarma. Sun sake sa waƙar daga farko. Ya goge.

Ya yi gaba har tashar bas, ya sake ɗauka, ya saurara. Har yanzu tana nan, ƙasa-ƙasa, amma yarinya mai kunne za ta ji. Ya goge. Bas ɗin da zai kai shi tashar jirgin ƙasa ya zo ya tsaya, ƙofa ta buɗe, direba ya dube shi. Tankari ya girgiza kai, ya gyara igiyar jitar a kafaɗa ya ci gaba da tafiya a gefen titi. Duk bayan ɗan taƙi sai ya tsaya ya kasa kunne.