Iri Mai Aure

In ka tambayi labarin Aƙilu a Funtua, amsar da za ka samu ta danganta da wanda ka tara. Masu zaman teburin mai shayi na bakin layinsu cewa suke yi, "Au, mai kiwon ƙwari?" Matarsa Naja'atu kan ce mijinta na iya wuni gaban ruwa bai ce uffan ba, ya tashi da fara'a kamar wanda ya sha hira. Yayansa Mudi, mai noman masara a Gozaki, in an matsa masa sai ya ce, "Ƙanena ne. Ya bar gona ya koma kiwon abin da ba a ci."

Jatan lande Aƙilu ke kiwo, ƙanana, ba su kai gaɓar yatsa ba, irin waɗanda ake sawa a akwatin gilashi don ado a otal-otal ɗin Kaduna da Abuja. Akwati biyu gare shi a ɗakin zaure, ɗaya na jajaye, ɗaya na shuɗɗa. Jajayen su ne ransa. Da ya fara, jansu kamar zoɓon da aka cika wa ruwa yake. Shekara da shekaru yana zama da matacin shayi, duk wanda launinsa ya koɗe ya tsame shi, ya bar masu duhun ja su hayayyafa. A hankali suka koma jawur har ƙafafu, kamar tattasai.

Sai idonsa ya fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in an yi aiki a Kano ana iya tsare saura. Mudi ya gama girbi, ba shi da abin yi, shi aka bar wa mabuɗi.

"Yaya, abinci kaɗan za ka riƙa ba su. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin. Kuma don Allah kada ko ɗaya ya tsallaka wancan akwatin."

"Na yi kiwon shanu, ƙwari ne za su gagare ni? Tafi ka nemi lafiya."

Aiki ɗaya ya zama biyu, jinya ta ja, Naja'atu na can tare da shi. Mudi kuwa, ba tare da ya shirya ba, ya shaƙu da 'yan halittun. Ya iya gane macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin ciki, ya daina firgita in ya ga fatar da suka saɓe tana yawo a ruwa. Abin da ya dame shi, jajayen ba su da ƙarfi. Ruwa ya ɗan canza, sai a wayi gari wasu sun kife.

Shi kuma ya san maganin wannan. Tun da ya bar tsohuwar masararsu ya koma shuka iri mai aure, wanda aka haɗa daga iri biyu, kara ya yi kauri, buhu ya ƙaru. "Auren zumunci ne ya yi musu yawa," ya faɗa wa mai shayi. "In na haɗa ja da shuɗi, za su yi ƙwari, wataƙila ma su fito shunayya. Zai dawo ya tarar da abin da bai taɓa gani ba."

Ya juye shuɗɗan cikin jajayen.

'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe suka fito ruwan ƙasa, kamar ruwan kududdufi. Mudi ya ce ai yara ne, za su yi launi. Ya jira. Suka girma, suka haifi wasu irinsu. Sai bazara ta shigo, batirin sola ya gaza, injin da ke hura iska a ruwan ya riƙa tsayawa da tsakar rana. Tsofaffin jajayen da shuɗɗan suka yi ta mutuwa, yana tsame su da matacin shayin ƙanensa, har ba saura. Masu ruwan ƙasar ko a jikinsu. Sun yi ƙwari, kamar yadda ya faɗa.

Aƙilu ya dawo da sanda a hannu. Bai ko zauna ba, ya lallaɓa zuwa zaure, ya kafa goshi a gilashi.

"Motsi kawai nake gani. Yaya, sun yi yawa haka?"

"Sun hayayyafa."

"Jan fa? Ya kai har ƙafa?"

"Suna nan," in ji Mudi.

Naja'atu na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi akwatin, ta dubi Mudi, ta wuce ciki. Da ta kawo masa tuwo ta ce a hankali, "Yaya Mudi, ni ba zan faɗa masa ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan ce ja ne ba."

Aƙilu bai tambaye ta ba. Yayansa yake kira kowace safiya, ya ɗebo ɗaya a mataci ya miƙa wajen haske. "Wannan fa?" Mudi ya ce a bar shi. "Wannan?" A bar shi. Ruwan shuka ya sauka a Gozaki, aka yi ta kiran Mudi a waya, bai tafi ba.

Wata safiya Aƙilu ya ajiye matacin. "Yaya, na yi magana da Malam Talha na Kaduna, wanda na fara saya a wurinsa. Ran Asabar zai zo ya kwashe jajayen. Ba sayarwa zan yi ba. Likita ya ce ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi. Ni dai kada irin ya tafi tare da idona. In yana hannun wani, to, na yi wani abu a duniya."

Mudi ya dubi ruwan. A tsawon rayuwarsu shi ne mai faɗa, Aƙilu mai ji.

"Kira shi ka ce kada ya zo."

"Saboda me?"

"Babu ja a ciki. Ko ɗaya. Na haɗa su da shuɗɗan tun kana Kano, don su yi ƙarfi. Duk ruwan ƙasa ne."

Injin iska na ta ɓul-ɓul a tsakaninsu.

"Na yi zaton idona ne," in ji Aƙilu. "Kullum ina cewa idona ne."

"Ba za a iya dawo da su ba?"

"Wataƙila. Mai ido, mai shekaru a gaba." Ya shafa gilashin da tafin hannu. "Sun yi ƙarfi kuwa?"

"Sun yi."

"To, ka ga ka yi gaskiya."

Mudi ya cire hularsa, ya sauko daga benci ya durƙusa a gaban ƙanensa, duk da ya san da ƙyar yake ganinsa. Ya ɗaga murya yadda har Naja'atu za ta ji daga tsakar gida.

"Ka hana ni, na ƙi ji. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Aƙilu, ka yafe mini."