Kawun Nazifa Ya Zo Shan Rana

Tun ranar da Abdussamadu ya sauka gidan yayarsa Laure a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi na san akwai lauje cikin naɗi. Ni Dinatu, katanga ce kawai ta raba gidana da na Laure, kuma mun daɗe muna aron gishiri a tsakaninmu, don haka abin da ya shiga gidanta ba ya kwana bai leƙo nawa ba.

Wai sanyi ya gudo wa. A Kanada yake aiki, inda aka ce ƙanƙara tana binne mota sai mai ita ya fito da shebur ya tono abarsa. Ya ce zai yi hutun hunturu a gida, ya sha rana, ya ga gari. Mu a lokacin muna fama da namu sanyin, kowa da rigar sanyi da safa, shi kuwa yana tsakar gida da 'yar shimi yana fifita da murfin kwano. Wannan ban ga laifinsa ba. Maganar ganin gari ce ta tsaya min a wuya. Mutumin da aka binne cibiyarsa a Argungu, wanda Laure ta ce hannunta ya gaji da zane shi saboda wankan gulbi, shi ne yau yake neman a kai shi ya ga gulbi. Kuma ba kowa yake so ya kai shi ba sai Nazifa.

Nazifa 'yarsa ce ta fari. Uwarta ta rasu ta bar ta cikin tsumma, shi kuma yana shirin tafiya karatu, sai ya ɗauko ta ya sa a hannun Laure, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Yarinya ta tashi tana ce wa Laure Inna, tana ce masa Kawu, dangi duka suka kama bakinsu. Ni kaina sai da muka daɗe kafin Laure ta gaya min, shi ma sai da ta sa na rantse. Yanzu Nazifa tana ajin ƙarshe a sakandare, ita ce mai girki, ita ce mai kai Laure asibiti in ƙafa ta motsa. In aka cire ta daga gidan nan, ban san abin da zai rage ba.

A wajen mutanen nan uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zuba masa ido a gaban manya. Mu a garinmu ba haka muke ba. Ni Shadrach ɗina kwala masa kira nake har maƙwabta su gaji. Abdussamadu kuwa iyakarsa "ke" ko "yarinyar nan", fuska a ɗaure kamar mai karɓar haraji. Amma na sha kama shi, in ta juya baya tana kwashe tuwo, yana bin ta da wani irin kallo daga sama har ƙasa. Ni dai a ganina kallon mai auna kaya ne.

Sai abubuwa suka fara taruwa. Ya tambayi darussan da ta fi so. Ya tambayi ko mota tana sa ta amai. Ya shiga ɗaki yana waya da Turanci ƙasa-ƙasa. Sannan ga tsarabar da ya kawo mata: wata rigar sanyi mai kauri, har da hula mai gashi, wadda in ka sa ta a Birnin Kebbi sai dai a kwashe ka a sume.

Laure ta shigo gidana da rigar a ƙarƙashin mayafi, ta shimfiɗa min a kan tabarma.

"Maman Shadrach, duba min wagga. Wa ka sa irin wagga nan garin?"

"Ba kowa," na ce. "Wannan rigar can ce."

"To shi na nig gani. Wanga yaro ba rana tak kawo shi ba."

Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, har na ƙara mata da labarin wata 'yar cocinmu da aka tafi da ɗanta hutu, yau har ya yi gemu bai dawo ba. Laure ta naɗe rigar. Ta ba ni tausayi ƙwarai, kuma na ji haushin Abdussamadu har cikin raina.

Da ya sa ranar zuwa Argungu, ya ce shi da yarinyar sun isa, Yaya ta huta da ƙafarta. Laure ta ce ƙafar ta warke. Ta kuma ce Maman Shadrach ma ta daɗe tana son ganin gulbin Matan Fada, abin da ban taɓa faɗi ba, amma na ɗauko jakata.

Muka ɗauki shatar mota da hantsi. Hanya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fadama shar da shinkafar rani, ga gonakin albasa ana ta ban ruwa, injuna suna ta ƙugi. Abdussamadu ya ɗaga waya yana ɗauka, yana tambayar Nazifa wannan mene ne, wancan fa, kamar wanda bai taɓa cin albasa ba. Ita kuma bakinta ya buɗe. Yarinyar da a gida sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarta, yau ita ce mai bayanin yadda ake dashe. Da muka shiga gari direba ya nemi ɓata hanya, sai ga baƙon namu ya ce masa ya karya dama, akwai lungun da ya fi kusa. Laure ta taka min ƙafa.

A gidan tarihi na Kanta ma haka. Ga tambura, ga masu da kwari da baka, ga kushewun sarakunan Kabi, kowa ya nutsu yana sauraron mai bayani. Shi kuwa ya matsa wa Nazifa ta maimaita masa komai, wai kunnensa bai kama ba. Na lura ba kayan yake kallo ba. Inda duk aka sa gilashi, fuskarta yake nema a ciki. Na raɗa wa Laure, ta ce ta riga ni gani.

Daga nan sai bakin ruwa. Matan Fada a kwance yake lumui, rana tana dukansa, iska mai ɗumi tana tasowa daga ciki. Wani dattijo mai kwale-kwale, Maliki, ya taso yana mana barka da zuwa, sai ya tsaya cak, ya ƙanƙance ido.

"Wa nika gani haka? Ba Samadu na ba? Samadun da ka nutso shi kamo tarwaɗa da hannu?"

Abdussamadu ya yi saurin kama hannunsa yana gaisuwa, yana neman kashe maganar. Maliki bai gane ba.

"Kai za a gwada ma gulbi? Ai kai ka gwada ma wasu."

Biri ya gama kama da mutum. Abdussamadu ya ce to, su shiga jirgi shi da yarinyar su ɗan zaga, tunda Yaya tsoron ruwa take yi. Gaskiya ne, Laure ko gada aka hau da ita sai ta rufe ido. Amma ta tattare zane ta riga kowa shiga, ta zauna a tsakiya ta ƙanƙame katako. Ni ma na bi, ina addu'a a zuci, don ni 'yar kan dutse ce, ba ruwana da ruwa.

Maliki ya tura mu. Yana tuƙi yana ba mu labarin wurin: yadda ake rufe wannan yanki ba mai jefa ko ƙugiya sai an yi gyaran ruwa an ba da izini, yadda ranar bikin kamun kifi maza ke rugowa da ragar homa a hannu da gora a ƙirji, su faɗa gaba ɗaya har ruwan ya koma kunu. Ya nuna mana gorar da ke cikin jirgin, ya ce ita ce abin hawan masunci, ita ce kuma rumbunsa. Can wani abu ya juya a ƙarƙashinmu, ruwa ya yi tuƙuƙi, Maliki ya ce ƙaton kifin nan ne, giwan ruwa, ta san ba mai taɓa ta yanzu shi ya sa take yanga. Nazifa ta yi dariya. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar ba.

A nan ne Abdussamadu, idonsa a kan ruwa, ya ce, "Ke, in kin ƙare makaranta, ina kika son zuwa? Can wajenmu gulbi daskarewa shikai, mutane su yi tahiya bisa."

"Da ƙahwa, Kawu?"

"Da ƙahwa. Sai kin gani."

Sai kin gani ɗin nan ita ta fasa ƙwai. Laure ta saki katakon da take riƙe da shi, ta juyo gaba ɗaya har jirgin ya karkata.

"Samadu, ya ishe ni. Tun da kas sauka nika kallon takunka. Ɗiyar da kab ba ni da hannunka tana cikin tsumma, nis sha kashinta da hitsarinta, yanzu da taz zama mutum ka zaka amsa? Don kai kah haihe ta? To sai dai ka tura ni cikin ruwan ga."

Maliki ya ɗaga filafilin da yake tuƙi da shi ya aza a cinya. Jirgi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Laure ta kai hannu bakinta, amma magana zarar bunu ce. Ni kuwa Nazifa nake kallo, ina jiran ta zabura ko ta fashe da kuka.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Inna, na sani. Tun ina firamare wata tsohuwa tah hwaɗi min wurin biki. Ban so ranki shi ɓaci ba, shi as sa ban ce komi ba."

Abdussamadu ya sunkuyar da kai. Da zai yi magana, yayarsa ya fuskanta, ba yarinyar ba.

"Yaya, ban zaka amsar kowa ba. Abin da nib ba ki na ba ki, har gaban Allah. Rigar ga ko, lokacin sanyi in ka shiga kanti can babu wata sai irinta." Ya ɗora da cewa, "Cikin gida ba ni iya ɗaga ido in dube ta gabanki. Shi na nic ce in anka hita kallon gari, kowa na kallon abin da yas samu, ni ma sai in kalli nawa. Iyakar ta ke nan."

Kunya ta rufe ni, har na ji da ma giwan ruwan nan ta haɗiye ni. Laure kuwa sai hawaye, tana dariya tana kuka, tana cewa Allah shi yi mai albarka, ita dama ta san ƙanenta ba zai yi mata haka ba. Ta ce shaiɗan ne. Ni kuwa na san har da ni a cikin shaiɗanun. Maliki ya mayar da filafili ruwa ya juya kan jirgi.

Ina gyara zama idona ya sake faɗawa kan Nazifa. Fuskar da ta yi ta haske tun safe ta mutu murus. Ta zuba wa ƙeyar Abdussamadu ido, leɓenta yana motsi kamar mai tauna magana, sannan ta sake ta a hankali.

"Ke nan ba da ni za ka koma ba."

Ta ɗan matso kusa da shi, ta sake jefo wata.

"Ko tambaya ba ka yi niyyar yi ba, Kawu? Ko sau guda?"

 Ya buɗe baki, ya dubi yayarsa, ya rufe. Ya mayar da idonsa kan ruwa, bai sake ɗagowa ba har muka kai gaɓa. Dariyar Laure ta tsaya tun a tambayar farko.

Da jirgi ya taɓa ƙasa Nazifa ce ta fara sauka. Ta miƙo hannu ta kama Laure ta sauko da ita a hankali saboda ƙafar, ta tsugunna ta sa mata takalminta da ya zame, ta kakkaɓe mata gefen zane. Duk abin da 'ya ta gari take yi ta yi. Sannan ta wuce mota ita kaɗai, ta shiga ta ja ƙofa, ta juya fuska wajen taga.

Abdussamadu ya tsaya sallama da Maliki, sallamar da ta ƙi ƙarewa. Mu biyu muka rage a kan yashi. Laure ta dafa kafaɗata, na ji nauyinta duka a kaina.

"Maman Shadrach," ta ce, muryarta can ƙasa, "ina ta tsaron ƙohwa kada a shigo a ɗauke min ita. Ashe mai son hita tana cikin ɗaki, ni ban sani ba."

Na riƙe ta da kyau. Muka taka zuwa mota.