Haƙoran Falalu a Gidan Jawawa

Kwana tara da sa wa Malam Falalu haƙoran roba a wani ɗan asibiti mai araha a unguwar Ka'akiyya ta Makka, ƙanensa ya ɗora masa nema wa ɗansa Nawaf aure. Yarinyar, Hadil, jikar Ammu Mahadi ce, dattijon Jawawan unguwar Hindawiyya, waɗanda kakanninsu suka zo Hajji daga Indonesiya suka yi zamansu. Manema biyu tsohon ya kora, duk a kan ladabi.

"Baffa, don Allah duk abin da aka ajiye maka ka ci," in ji Nawaf daga cikin mota. "Na bayan nan dodol ɗinsu ya ƙi taɓawa."

Bayan la'asar aka zauna a majalisa. Ga dodol ɗin a faranti, baƙi-baƙi yana sheƙi, na garin shinkafa mai danƙo da ruwan kwakwa da sukari.

"Tafaddal, ya Shaikh," in ji Ammu Mahadi, yana tura masa farantin.

Falalu ya yi bismilla ya gatsa. Zaƙi dai ba laifi. Da ya zo buɗe baki sai ya ji haƙoran sama sun bar dasashi sun bi dodol. Ya rufe ruf.

"Muna saurare. Me ke tafe da ku?" in ji tsohon.

Mutumin da ya kwana uku yana haddace jawabi ya hau gyaɗa kai kamar mai zurfin tunani. Ya tura harshe ya danna, abin ya ƙara kamawa. Gumi ya tsattsafo ta ƙarƙashin hula. 'Ya'yan tsohon suka kalli juna, babbansu ya dire kofin shayinsa.

"Ko kun fasa ne?" in ji Ammu Mahadi, fuska ba walwala.

Falalu ya tuna Nawaf a mota. Ya zaro hankici, ya zazzago haƙoran da dodol ɗin manne da su, ya aza a gwiwa. Da bakin jariri ya nemi auren, rabin jawabin iska ce.

Sai tsohon ya sa yatsu biyu a baki, ya ciro nasa sama da ƙasa, ya ajiye gefen faranti.

"Shekara ashirin ban taɓa cinsa da su a baki ba," ya ce. "Kai jarumi ne, ko kuma ba a faɗa maka ba. Mun ba ku."

Falalu ya share gumi. "Mu ma muna da tamu ta shinkafa, nakiya. Ranar ɗaurin aure zan kawo maka."

"Tana kamawa?"

"Zan sa a yi maka mai tauri."