Tabo a Ƙeyar Rahmatu

Shekara talatin Uwaliya ta yi tana kitso a garin Taba, ba ta taɓa shafa wa mace mai da sanyinsa ba. Man shanu take narkarwa a ɗan kasko bisa garwashi, ta ɗiga masa man alayyadi, sai ya yi ɗumi kamar nonon da aka tatso yanzu, sannan ta bi tsaga da shi. Cewa take mai in da sanyi a gashi yake tsayawa, mai ɗumi shi ke shiga fatar kai ya kori amosani.

Wata Alhamis, shekara biyu bayan samun mulkin kai, aka kira ta gidan Malam Zailani, wanda ke karantar da littattafai a zaure. Matarsa Rahmatu ta gama wankan jego, gobe za ta fita yawon arba'in da jaririyarta Bilki. Da yake iyayen Rahmatu sun rasu, a nan ta yi wankan, a hannun surukarta Inna Azumi. Kwana arba'in ba a taɓa kan ba, gashi ya cukurkuɗe ya rufe ƙeya.

Rahmatu ta zauna a tabarma ta kifa kai a cinyar Uwaliya. Inna Azumi tana gefe a kan turmi da jaririyar a hannu, tana ɓare gyaɗa da ɗayan.

"Doka za ki yi mata," in ji Inna Azumi. "Ki ɗaga shi sama sosai, dangi su ga ba mu bar musu 'ya da yunwa ba."

"Wuyan za su duba ko cikin?" in ji Uwaliya. "Ke dai kawo goron, tsohuwar banza. Tun ɗazu nake jin ƙamshinsa a haɓar zanenki."

Suna wannan tsiya ta manta da kaskon a wuta. Da ta tuna ta sauke, ta ɗebo da ɗan koko, ta kifa kan Rahmatu ta tsaga gashin ƙeya. Hannunta ya goce, man ya tsiyaya. Ɗigo ɗaya ya sauka a bayan yatsarta, sai da ta cije leɓe don zafi. Sauran duk a ƙeyar Rahmatu ya zuba.

Rahmatu ba ta motsa ba. Tana ma ci gaba da ba Inna amsa a kan wane gida za a fara zuwa gobe.

Uwaliya ta buɗe gashin a hankali. A gindin ƙeya, daidai inda gashi ke ƙarewa, akwai wani tabo mai faɗin bakin ludayi, ya fi sauran jiki haske, ja-ja, gefensa ya ɗan tasa, ba gashi ko ɗaya a kansa. Makero ta sani, ƙyasfi ta sani, ta warkar da su da farar wuta ba adadi. Wannan ba su ba ne. Ta ɗauki tsinken tsaga ta soka a tsakiyar tabon, ta danna har fatar ta lotsa. Shiru. Ta matsa sama kaɗan ta taɓa.

"Wash, Gwaggo, a hankali," in ji Rahmatu.

"Na ga kin zuba mata mai yana tururi ba ta ce uffan ba, sai ɗan tsinke?" in ji Inna Azumi tana dariya. "Aikina ke nan. Wadda ta sha ruwan jego a hannuna, wuta ma sai ta gaishe ta."

Uwaliya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta san ya kamata ta janye hannunta, amma ta bar shi a kan. Ta taɓa ganin irin tabon nan sau ɗaya, a wuyan wata mata a Kudan. Kafin shekara ta zagayo an yi wa matar bukka a bayan gari, an ware mata ƙwarya, ɗan da take goyo kuwa aka miƙa wa wata ta shayar. Inna Azumi ba muguwa ba ce, amma in ta ji kalmar kuturta, Bilki ba za ta kwana a ɗakin uwarta yau ba.

In ta yi doka, gashi zai tashi sama, ƙeya ta fito fili. Gobe a gidan dangi mata za su zare ɗankwali su yaba kitso.

"Azumi, kan nan ba zai ɗauki doka ba," ta ce. "Jego ya cinye gashin. In na ja shi sama, tsinkewa zai yi. Kitson zane zan yi mata ya kwanta baya."

"Wane irin tsinkewa? Bari in gani."

Tsohuwar ta miƙe da jaririya a kafaɗa, ta matso, ta sunkuya. Uwaliya ta ɗora tafin hannunta a ƙeyar kamar mai tallafe kai, ta tura mata goshin.

"Duba nan gaba. Kin gani?"

Inna Azumi ta ƙanƙance idanu, ta shafa, ta ja tsaki. "'Yan matan yanzu, gashi kamar na masara. Yi yadda kika ga dama." Ta wuce madafa da jaririyar.

Uwaliya ta ci gaba da kitso, zuciyarta tana tuhumarta. Tausayi ne ya sa ta rufe, ko tsoro? In aka ji tsinkenta ya shiga kan mai wannan ciwo, wace mace a Taba za ta sake kifa kai a cinyarta? Ta auna, ta kasa raba su. Abin da ta tabbata shi ne, kitso yana rufe tabo, ba ya hana shi yaɗuwa.

Ta sunkuya daidai kunnen Rahmatu. "'Yar nan, akwai wani wuri a ƙeyarki da ba ya jin zafi."

Jikin Rahmatu ya sandare a cinyarta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Akwai wani a cinyata. Tun ina da ciki."

"Malam ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Gwaggo, don girman Allah. Za su ɗauke ta."

"Akwai malamin asibiti da ke zuwa Makarfi ran kasuwa, yana ba da ƙwaya. Na ga waɗanda suka sha, yatsunsu na nan."

"Da izinin wa zan fita? In ce masa zan je ina?" Ta riƙe ƙafar Uwaliya. "Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Uwaliya ba ta rantse ba. Ta kitse jelar ƙarshe ta kwantar da ita bisa tabon, ta ɗaura mata ɗankwali, ta wanke hannu da toka, ta yi wa Inna Azumi sallama.

A zaure ta tarar da Malam Zailani shi kaɗai bisa buzu, masu ɗaukar karatu sun tashi. Ta durƙusa suka gaisa, ya tambayi gida da jikoki, ta yi masa barka da arziki. Ya kamata ta tashi. Ba ta tashi ba.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutum ne sana'arsa ta nuna masa abin da ke ɓoye a jikin wani. In ya faɗa, za a raba uwa da 'yarta. In ya yi shiru, ciwo zai ci uwar, alhali akwai magani. Wanne ne cin amana?"

Malam ya rufe littafin a kan yatsarsa. "A faɗa wa wanda zai iya kai ta ga magani, shi kaɗai. Abin da ya wuce haka tonon asiri ne." Ya dubi kaskon da ke hannunta, ya dubi ƙofar cikin gida. Ta ga lokacin da abin ya iso masa, don yatsar ta zame daga littafin.

"Wane ciwo?"

"Wanda ba ya jin wuta."

Ta ƙara da ba shi labarin malamin asibitin da ke ba da ƙwaya a Makarfi. Daga cikin gida ana jin Inna Azumi tana yi wa jaririya wasa.

"Mai ƙwayar nan, yaushe yake zuwa Makarfi?"

"Laraba."

"Yawon arba'in zai kai Laraba. Ni zan kai ta, ke ki raka mu. Inna kada ta ji daga bakinki."

"Yarinyar fa, Malam?"

"Tana wajen uwarta, har in ji abin da mai magani zai ce." Ya ajiye littafin. "Bayan nan ban sani ba, Gwaggo. Kada ki tambaye ni."

Uwaliya ta miƙe. Hanyar gida tana gabanta, amma ta juya ta koma ciki. Rahmatu tana bakin ɗakinta ta karɓi Bilki tana ba ta nono. Da ta ga Uwaliya ta dawo daga wajen zaure, sai ta ƙanƙame jaririyar ta ja da baya har bayanta ya taɓa bango.

"Na faɗa masa," in ji Uwaliya a hankali. "Ki tsine mini in kin so. Amma ki gama ba ta nonon, ba wanda zai karɓe ta yau."