Kwat Mai Lamba Biyar

Duk wanda ya ce muku son kiɗa ne ya haɗa ƙungiyar Seven Cheap Suits, ƙarya yake yi, kuma na san a bakin Dwight Pruitt ya ji. Abin da ya faru shi ne, a 1991 wani gidan shirya jana'iza a Fullerton ya rufe, aka kai baƙaƙen kwat bakwai na ma'aikatansa shagon gwanjo. Dwight ya kwashe su kaf, ya ɗinka wa kowanne lamba a wuya, ya ɗauki lamba ɗaya, sannan ya shiga neman mutum shida da ragowar za su yi wa daidai. Ma'anar sunan namu ma ke nan, kwat bakwai masu araha. Ni Wendell na samu lamba biyar saboda siriri ne ni, kuma na taɓa busa ƙaho a faretin sakandare.

Kiɗanmu ska punk ne, jita tana tsalle, ƙaho uku suna ihu, Dwight yana ɓaɓatu a lasifika kamar wanda aka taka wa yatsa. Bai taɓa iya waƙa ba. Abin da ya iya shi ne kafa doka, dokar kuma ɗaya ce: ba a ɗinka sabon kwat, kuma duk wanda ya hau dandamali da kwat, gurbin ya zama nasa. In mai ganga ya tafi, ba a tambayar sabon ko ya iya kiɗa, lamba uku ake miƙa masa a ce ya saka a gani. Mun taɓa mayar da wani gwanin makaɗi gida, muka ɗauki mai gyaran famfo saboda hannun rigar ya zauna masa. Shekara biyu mai famfon nan yana zabga gudu a ganga muna binsa da haki, 'yan jarida kuwa suka rubuta wai salonmu ne.

A haka muka kwashe shekara talatin. Faifai goma sha ɗaya muka yi, kuma duk waƙa ɗaya ce muke sake mata suna. An sa mu a rediyo na wata huɗu a 1997, har yau Dwight yana ba da labarin kamar yaƙi ya ciwo. Masu kallonmu da muka sani da suma yanzu duk sun yi sanƙo, suna rawa suna dafe kwankwaso.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ya iya busa da gaske, Hollis Beaudry, mai dogon ƙahon nan da ake zugewa. Ƙato ne, lamba huɗu. Shekara uku da suka wuce aka yi masa aiki a huhu, ya rame har kwat ɗin ya koma masa kamar buhu. Dwight ya ƙare masa kallo ya ce, "Mutumina, ba ni na kore ka ba, kwat ne." Ya ba wani dillalin motoci lamba huɗu. Mu biyar da muka rage kowa ya sunkuya yana goge kayan kiɗansa.

Ranar bikin cikarmu talatin, a wani filin shaƙatawa a Anaheim, rana tsaka, muna bayan dandamali muna cin burrito da ya huce, sai ga Hollis da akwatin ƙahonsa yana tafe a hankali. Matarsa ta zauna a mota.

"Waƙa ɗaya, Dwight," in ji shi. "Ta ƙarshe kawai. Ni na tsara busar da ke cikinta. Likita ya ce in an sake yi mini aiki watan gobe, ni da ƙaho sai dai kallo."

Dwight ya lashe yatsa. Shi da maɓallin kwat ɗinsa ke neman tsinkewa saboda tumbi tun shekaru goma, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. "Ai ka san ba ni da ta cewa. Ba kwat, ba dandamali. In akwai mai ba ka nasa, hanya a buɗe take. Amma kowa ya san doka, wanda ya tuɓe ya tuɓe ke nan."

Duk suka juyo suna kallona, don ni kaɗai ne siririn. Shekara ashirin da bakwai ni da Hollis muna kujerar baya a motar ƙungiya. Duk sanda na kauce a busa, shi ke ɗaga sautinsa ya rufa mini asiri. Ni kuma ba wanda ya kai ni zagin ƙungiyar nan, kullum sai na ce gobe zan bar musu tsiyarsu. Ga ranar ta zo, tsoro ya kama ni. Shekarata hamsin da biyu, ba mata, ba sana'a, in na tuɓe rigar nan ba wanda zai ƙara tambayar ina nake.

"Da na ba ka, abokina," na ce, "amma ba zai shige ka ba. Kafaɗar ta yi maka kaɗan."

Hollis bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya dubi kafaɗata, ya dubi fuskata.

"Kwat mai awo talatin da takwas kake sawa, Wendell. Ni ma yanzu talatin da takwas. Jiya na sa matata ta auna ni, don kada in zo in sa ka tuɓe a banza."

Ya sauya wa akwatin hannu ya juya. Tafiyar da ba ta fi taku arba'in ba zuwa mota, sau biyu ya tsaya yana mayar da numfashi, ina tsaye ina ƙirgawa.

"Lamba biyar, ana jiranmu," in ji Dwight.

Na rufe maɓallaina uku, na ɗauki ƙahona, na bi bayan Dwight zuwa dandamali.