Ruwan Kanumfarin Malam Ya'u

Jibirin tela yana tallabe da kan maƙwabcinsa Malam Ya'u, yana ba shi ruwan kanumfari da cokali, sai aka yi sallama a ƙofar zaure. Alhaji Sajo ne, wani ɗan kasuwa daga Kabo. Aka gaisa, ya yi wa mai jiki sannu, sannan ya zaro kwalba daga aljihu. An liƙa mata takarda: Maganin Suga Na Malam Ya'u Gwarzo.

Malam Ya'u mai kayan yaji ne a kasuwar Gwarzo, shekararsa goma sha ɗaya da ciwon suga. Kullum da safe yakan jiƙa kanumfari a kofi, ya sha bayan ƙwayar asibiti. Da magani ya yi tsada, labari ya bazu har Lakwaya da Mainika wai ya gano abin da ke kashe suga. Ga shi yanzu gyambon ƙafa ya kwantar da shi wata biyu.

"Malam, sunanka kawai nake so," in ji Alhaji Sajo. "Sauran aikin nawa ne. Iyalinka ba za su wahala ba."

Malam Ya'u ya yunƙura. "Jibirin, yaye min zanen nan."

Jibirin ya yaye, gyambon ya fito fili. Alhaji ya kau da kai.

"A'a, duba da kyau, Alhaji. Duk garin nan ba wanda ya kai ni shan kanumfari. Nakan ji daɗinsa, wani lokacin ma awo ya ɗan sauka. Amma ban taɓa cewa yana warkarwa ba. In wani ya ga sunana ya ajiye ƙwayarsa ya mutu, me zan gaya wa Ubangiji?"

Alhaji ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya yi addu'a a gurguje, ya fita.

Malam Ya'u ya damƙe hannun Jibirin. "Kai ma na sani. Mai ɗakinka ta gaya wa tawa. Sati uku ba ka shan ƙwaya, sai kanumfari."

Kunya ta rufe Jibirin, don shi ma ciwon gare shi.

"Gobe ranar awo ce. In ba ka je ba, kada ka shigo min zaure."

Ya je. Ya dawo da ƙwaya a ƙulle cikin leda, ya nuna masa, Malam Ya'u ya gyaɗa kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Ya'u ya cika. Layin gidansu ya cika maƙil da jama'a, har masu kayan miya sun rufe rumfuna sun zo. Wani mai babur ya tsaya yana tambayar wane babban mutum ne ya rasu.

"Maƙwabcina ne," in ji Jibirin. "Katangarmu ɗaya."

Ya gyara hularsa, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara daga gaba.